Ranar da Motar Kawu Ta Tsaya a Hanyar Maradun

Ranar Talata ce, kasuwar Mafara ta fara cika. Ina tsaye a rumfarmu ta 'yan albasa ina jiran buhunana da aka ɗora wa motar Kawu a Maradun. Rana ta ɗaga, motocin da suka taso bayansa duk sun iso sun sauke, amma ban damu ba. Duk wanda ya taɓa ɗora kaya a motar Kawu ya san ita ce ta ƙarshen shigowa tasha.

Sai ga wani direban tifa, cikin masu jigilar tsakuwa zuwa aikin dam, ya ratso mutane yana tambayar ina ɗan ƙanwar mai babbar motar nan roka, wato Kawu. Aka nuna masa ni. Bai yi sallama ba, bai tambayi gida ba, bai tambayi kasuwa ba. A garinmu mutum ba ya fara magana haka sai da abu.

Ya ce, "Ka yi haƙuri. Kawunka Allah ya yi mishi cikawa. Yanzu na baro su bisa hanya."

Na ce, "Wa ya buge shi?"

Abin da ya fara fitowa daga bakina ke nan, tun kafin salati. Ban iya kawo wa raina cewa shi ne zai bugi wani abu ba.

"Ba wanda ya buge shi. Motar na nan tsaye gehen hanya, ko ƙwarzane babu."

Na wuce ta tasha a ruɗe. Mai faci ya ce ƙarya ne, jiya da la'asar Kawu ya zauna nan kan bencinsa suna gardamar farashin tuf na taya. Mai sayar da gas ya ajiye mazurari, ya zauna bisa duro ya riƙe kai. Kamashon da ya fi kowa yi wa Kawu tsiya a kan jinkiri ya yi ta bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Kun ji? Wai shi. Cikin duk direbobin ga, wai shi." Da na isa gida na tarar labarin ya riga ni. Innata, wadda ita ke bi masa a haihuwa, tana tsaye tsakar gida da taɓarya a hannu, ba ta kuka, ba ta motsi. Ta dube ni ta ce, "Da sahe ya aiko mini da goro. Goron na nan ban ko ɓare shi ba."

Yadda abin ya faru, daga bakin tsohuwar da ke zaune kusa da shi muka ji. Kawu ba ya sayar wa masu hali gidan gaba. Kujerar ta tsofaffi ce da marasa lafiya. Ranar wata tsohuwa ce 'yar Janbako, za ta ganin jikarta da ta haihu a Mafara. Ta zo gaisuwa, ta zauna cikin mata tana faɗi tana maimaitawa, kamar ita ma ba ta gama yarda ba.

"Ni dai kwana ya ɗauke ni, don motatai ba ta girgiza mutum. Sai na ji munka rage. Na buɗe ido, na gan shi jiƙe sharkaf da zuhwa, hannu guda bisa ƙirji, guda bisa sitiyari. Na ce, ɗana, lahiya? Yac ce, Iya, bari in gyara tsayuwa tukuna. Ya saki kwalta sannu, ya sauka gehe, ya ja birkin hannu, ya kashe inji. Na ji ya yi kalmar shahada. Ya aza goshi bisa sitiyari. Ni na ɗauka hutawa shikai."

Gab da gangaren da ke sauka zuwa wata 'yar gada ya tsaya. Bayan motar cike yake da 'yan kasuwa, maza da mata da goyo, da awaki, da buhunan hatsi. Ba wanda ya san an yi mutuwa. Mataimakinsa, dattijo ne kusan sa'arsa da suka daɗe tare, ya diro ya sa weji a taya kamar kullum, ya zagaya yana bubbuga tayoyi. Wasu suka sauka suka zaga bayan itace. Wata mata ta buɗe kwanon gyaɗa ta fara ciniki. Har akuya aka yi tayi a wurin. Wani kuma ya dinga dukan katakon mota yana ihu, "Direba, kasuwa za ta watse! In tsuhwa ya kama ka ka ba yara mota!" Sai da mataimakin ya gaji da jira, ya buɗe ƙofa ya taɓa kafaɗarsa.

Mutumin da ya yi ihun nan ya zo har gida, ya bi mu maƙabarta. An kawo masa ruwa ya kasa sha. Ya ce da ni, "Ina zagin mutum, ashe ya gama hidda mu ne ya tahi."

Ni ba marubuci ba ne, ɗan kasuwa ne. Amma na ga yadda tasha take mantuwa. Direba ya rasu, a yi masa addu'a, mako ya zagayo wata mota ta shiga layinsa. Ba na son a yi wa Kawu haka, shi ya sa na zauna in ajiye abin da na sani nasa.

Asalinmu Bakura ne. Kakanmu fatauci ya yi da jakuna, Kawu kuwa tun yana saurayi ya bi manyan motoci. Ya daɗe yana tuƙa motar mutane, zamanin ɗaukar gyaɗa da auduga zuwa tashar jirgi a Gusau. Kuma bai taɓa ɓoye mana ba, a lokacin shi ma mai gudu ne. Ya kan ce, "Da ina tuƙa motar wani, har tsere munka yi da kaya bisa. Ranar da na saida shanun gadona na sayi tawa, na tsaya gaban mai gas na biya da hannuna, ranar ƙahwata ta yi sauƙi."

Tsohuwar roka ce mai bodin katako, ya saye ta a hannu. 'Yan tasha suna kiranta Amarya, wai tafiyarta irin ta masu kai amarya ce. Bai taɓa jin haushi ba. In ya ji an ce ga Amarya nan, sai ya danna oda sau ɗaya, ya ɗaga musu hannu.

Ba ya tuƙi da takalmi. In zai hau, sai ya tuɓe su ya tura ƙarƙashin kujera, ya ce tafin ƙafa ya fi fata jin totur. Yana da wata sanda ta geza da ya fere, da ita yake auna tanki kafin ya tashi da bayan ya sauka. Ya kan zaro ta ya duba inda gas ya jiƙa, ya gyaɗa kai, ya goge ta da tsumma ya mayar bayan kujera. In aka tsaya lodi ko ana jiran wani ya yi alwala, kashe inji yake, alhali sauran direbobi suna barin nasu yana ruri don fasinja su ɗauka yanzu za a tashi. Idan wata mota ta wuce mu da gudu tana zubar da baƙin hayaƙi, sai ya nuna mini da haɓa.

"Ka ga wancan? Ba hayaƙi na ba, hatsin gidan mai ita na ka tashi sama."

Akwai abin da masu son tattalin mai suke yi wanda shi ya ƙi. In sun zo gangare sai su fid da giya, wasu har su kashe inji, su saki mota ta gangara da kanta. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba ya yi, tunda shi ne sarkin tattali. Ya juyo ya dube ni har sai da na ji kunya.

"Ɗana, gas nika tattali. In na saki mota ga gangare da mutane bisa, wannan kuma da rayukansu nika biyan mai gas."

Da aikin dam na Bakolori ya kankama, hanyarmu ta zama wata iri. Tifofi da tireloli ba dare ba rana, siminti, rodi, tsakuwa, manyan bututu. Garin ya cika da baƙi masu yare iri-iri. Wanda jiya yake wankin mota, yau ya zama direba. Masu kwangilar jigila da sawu suke biya, don haka wanda ya fi kai da kawo shi ya fi samu, kowa ya taka. Kawu ma ya ɗauki siminti daga Gusau, amma da tafiyarsa ta kullum. Yaran direbobi sukan wuce shi a hanya, su sauke, su dawo su same shi bai isa ba, su leƙo ta taga suna cewa, "Baba, a gaida Amarya!"

Ya kan ce, "Ba ni ganin laihinsu. Direban wani in ya taka, ba shi ka sayen gas ba, ba shi ka sayen taya ba, in inji ya buga gobe shi koma wata mota. Ni in ta kwanta, gidana ya kwanta. Ba tahiya guda muke ba, ko da hanya guda muka bi."

Ba zan ce kullum gaskiyarsa ce ba. Shekarar da aka fara sakin ruwa a kwalbatocin noman rani, tumatir ya yi kyau a wajen Bakura. Na tara kwanduna, na ce Kawu ya kai mini Gusau, inda 'yan kudu suke lodi da hantsi. Muka tashi bayan asuba. Tun a hanya na fara zufa, ba don zafi ba. Ina ganin rana na hawa, ina jin ƙamshin tumatir yana sauyawa a bayanmu.

Na ce, "Kawu, da ka ɗan ƙara."

Ya ce, "Na ji."

Bai ƙara ba. Da muka isa, 'yan kudu sun ɗaure tamfol sun tafi. Kwandunan ƙasa sun fara tsiyaya. Na karyar da kayan ga masu miya na gari, abin da ya lalace muka zuba wa awaki. A hanyar dawowa ina ta fushi, har muka wuce rabin hanya. Can ya yi gyaran murya.

"Na cuce ka yau."

Na ce, "Haba Kawu."

"A'a, na cuce ka. Abin da na tattala ga tanki bai kai abin da ka zubar ba. Tumatir ba kayan motata ba ne. Albasa, hatsi, siminti, su suna jira na. In ka sake samun irin wanga kaya, ka nemi ƙanena, shi ma shina da mota, shi ya iya su."

Bai ce zai canza ba, kuma bai canza ba. Amma daga ranar duk mai kayan gwari da ya zo masa, shi da kansa yake kama hannunsa ya kai shi wurin wata mota.

Abin da na fi son a tuna shi da shi, lokacin tashin ƙauyuka ne. Da ruwan dam ya fara taruwa, an ce mutanen da ke kwarin su koma sabon matsuguni a kan tudu. Maganar gonaki da diyya da abin da ya biyo baya ba a nan zan yi ta ba, waɗanda suka gani sun sani. Abin da na gani da idona shi ne, a daidai lokacin gas ya yi wuya. Motoci sun yi layi a gidan mai, wasu sun kwana biyu ba su motsa ba. Kawu yana da ragowa a duro a zaurensa, wadda ya tara kaɗan-kaɗan. An zo an taya ta da tsada, ya ce ba ta saidawa ba ce. Wani ƙauye a bayan Maradun, inda ya saba ɗaukar dawa, suka aiko masa cewa ruwa ya kusa rumbunansu kuma motar da aka ce za ta zo ba ta zo ba. Ya ce in raka shi, don ana bukatar hannu.

Mun ɗora komai. Dammunan gero, turame, tukwanen ruwa, gadajen kara, jinkar ɗaki da aka ɗauke ɗungurungum, kaji a akurki. Mata suna ta ja masa kunne a kan tukwane. Ya ce su kwantar da hankali, ko ƙwai suka aza zai kai. A sawun ƙarshe saura wani tsoho makiyayi da ya daɗe da zama manomi a garin. Yana zaune gindin tsamiya, ya ce shi ba inda za shi, iyayensa da matarsa suna kwance a nan. 'Ya'yansa sun yi lallashi sun gaji, har babban ya fara ɗaga murya.

Kawu ya je ya tsuguna gabansa. Suka gaisa kamar ba abin da ke faruwa, ya tambayi jiki, ya tambayi bisashe, ya tambayi sanyin bana. Sannan ya ce, "Baffa, tashi mu tahi ka yi musu sallama. Mota ba ta sauri."

Suka tafi maƙabarta su biyu. Muka yi ta jira, rana tana dukanmu. Da suka dawo, Kawu bai sa tsohon a gidan gaba ba kamar yadda ya saba. Ya sa aka shimfiɗa masa buzu a can ƙarshen bodi, yana fuskantar baya. Ya tayar da mota, ya sa giyar farko, bai fita daga cikinta ba. Yara suna tafiya a ƙasa suna wuce mu. Na san wannan tafiyar ba ta tattalin mai ba ce, don shi da bakinsa ya sha gaya mini ƙaramar giya ta fi kowace shan gas. Tsohon yana kallon garin yana ja da baya, bangayen da aka cire wa jinka, tsamiya, ruwan yana walƙiya a bayansu. Sai da muka sha kwanar da ta ɓoye tsamiyar, tsohon ya bugi katako da sandarsa ya ce, "To, direba." Sannan Kawu ya canza giya.

Ko tukunya ɗaya ba ta fashe ba. Matan ƙauyen nan sun zo gaisuwa da ƙafa, har da fura a ƙwarya.

Yana da taurin kai, wannan kam ba mai musu. Kuma taurin kan nan ne ya shiga tsakaninsa da ƙanensa, autansu, wanda muke kira Kawu Ƙarami. Kawu ne ya raine shi bayan rasuwar kakanmu, shi ya koya masa tuƙi, shi ya tsaya masa har ya sayi tasa motar. Amma Kawu Ƙarami mai zafin nama ne, in ya hau hanya ba ya son ganin mota a gabansa. Ya samo musu aikin jigilar siminti su biyu a hannun wani ɗan kwangila. Ba a daɗe ba ɗan kwangilar ya ce sawunsu bai cika ba, ya ba wasu. A gidan Innata suka haɗu, ranar sunan ɗan ƙanwata, bayan baƙi sun watse. Ina wurin ina naɗe tabarmi.

Kawu Ƙarami ya ce, "Yaya, aikin ga ba dawwama za shi yi ba. Dam ginawa aka, wata rana a gama, baƙi su kwashe kayansu su tahi. Wanda bai samu yanzu ba, yaushe za shi samu? Ina sawu, kana rabi. Gas ɗin da kaka tattali, sawu guda ya biya shi har da saura."

Kawu ya ce, "Watan jiya kwana nawa motakka ta yi wurin makanike?"

"Ta yi. Na gyara ta da abin da na samu ga gudu, kuma na yi saura."

"Taya fa? Sifirin fa? Kana ganin abin da ya shigo aljihu da marece, ba ka ganin abin da ka ci daga jikin motar. Tawa ta girmi taka, ba a taɓa buɗe injinta ba."

"Kuma ba ta taɓa haihuwar wata ba! Shekara nawa kana da mota guda? Waɗanda kaka ba hanya suna wucewa, wasu motocinsu sun zama biyu."

"Wasu kuma mun kai su maƙabarta."

Innata ta ce su bari haka nan, yau ranar farin ciki ce. Da sun bari a nan, da ba komai, don irin wannan gardama kullum ana yin ta a tasha. Amma Kawu Ƙarami ya riga ya hau. Ya ce, "Yaya, ka daina kiran shi tattali. Tsoro na. Tsuhwa ta zo maka, kana tsoron hanya, ka ja mini asara."

Kawu ya dube shi. Ya jawo takalmansa ya sa, ya yi wa Innata sai da safe tun rana ba ta faɗi ba, ya fita.

Ba su yi gaba ba, ba tarbiyyar gidanmu ba ce. Suna gaisawa. In sun haɗu a masallacin tasha, ƙaramin zai durƙusa, a yi ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya hanya, har a kai ƙarshe, kowa ya nufi motarsa. Amma hira ta mutu. Damina ta wuce a haka, kaka ta wuce. Innata ta yi magana, ta sake yi, kowannensu ya ce mata ba komai.

Har yau in na zauna a tasha ina jin direbobi masu motar kansu suna wannan gardamar, wasu su kafa hujja da Kawu, wasu da ƙanensa. Ni da na yi asarar tumatir a motar ɗaya, na kuma sha yin addu'a don tsoron gudu a motar ɗayan, ban isa in raba musu ba. Abin da na lura kawai, wanda ke ɗaukar kayan da ba sa jira yana da gaskiyarsa, wanda kuma motar nan ɗaya ita ce gonarsa, ita ce rumbunsa, yana da tasa.

Ranar rasuwar, Kawu Ƙarami yana Gusau yana lodi. Aka ba wani direba saƙo ya kai masa. Muka jira shi har bayan azahar. Liman ya ce zafi ya yi yawa, haƙƙin mamaci ne a gaggauta. Muka yi masa sutura, aka sallace shi a ƙofar gida. Ban taɓa ganin tasha ta mutu ranar kasuwa ba sai ranar. Motoci a jere ba kowa ciki, direbobi da kamasho da 'yan dako duk suna bayan makara.

Muna dawowa daga maƙabarta, ƙurar kabari ba ta bar ƙafafunmu ba, muka ji ƙarar mota tun daga nesa. Ta shigo layin da gudun da ba a shiga unguwa da shi, ta ja birki a ƙofar gida. Rabin lodi ne a kanta, ko igiya ba a ɗaure ba. Ruwan lagireto yana tafasa yana zuba ƙasa. Kawu Ƙarami ya diro bai kashe inji ba, sai wani ne ya hau ya kashe. Ya dubi mutane, ya dubi makarar da aka jingine a bango ba kowa cikinta.

"Kun kai shi?"

Liman ya matso ya riƙe hannunsa yana ba shi haƙuri. Ya zare hannun, ya juyo gare ni.

"Kai ni."

Muka koma mu biyu. Ƙasar kabarin da danshinta, ƙayar da aka rufa a kai ko bushewa ba ta yi ba. Ya durƙusa kamar yadda yake durƙusa masa a masallaci. Ya yi addu'a mai tsawo, ni ina tsaye daga baya. Da ya shafa, bai tashi ba. Ya yi magana ba tare da ya waiwayo ba.

"Ran Juma'a na hange shi ga mararrabar Maradun. Ya aje mota gehe, shina tsaye ƙasa. Da ya ga tawa, ya hito bakin kwalta ya ɗaga mini hannu, in tsaya. Ba gaisuwa ba ta, na san hannun gaisuwatai. Tsayawa yac ce in yi."

Na ce, "Me ya ce maka?"

"Ban tsaya ba. Ina son in kai kaya in komo kahin a rufe lodi. Na danna mishi oda, na nuna mishi da hannu sai na dawo. Da na dawo ba shi nan." Ya ɗebi ƙasa kaɗan a gefen kabarin ya murza ta a tafinsa. "Ko kai ya hwaɗa ma abin da shika son ce mini?"

Na so in ce e. Na so in ce ya gaya mini ya yafe, ya ce komai ya wuce. Amma Kawu bai gaya mini komai ba, kuma ba a ƙarya a kan kabari.

Na ce, "Bai faɗa mini ba, Kawu."

Ya gyaɗa kai. Muka zauna a wurin har aka kira la'asar daga cikin gari, sannan na kama shi ya miƙe.

Ya Allah, ga bawanka nan ya iso gare ka. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya zuciyar matarsa da 'ya'yansa da ƙanwarsa. Ƙanensa kuma, ka ba shi haƙurin abin da ba zai ƙara ji ba a duniya, ka haɗa su inda za su ƙarasa maganar. Amin.